Manhajar da aka harhaɗa a sabuwar kwamfuta, za ta yi aiki a tsohuwa?

Auwal Zariya: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman haske. Na rubuta wata 'yar manhaja da C++ don wata makaranta, tana tara makin jarrabawa ta fitar wa kowane ɗalibi takardarsa. A laftof ɗina, Core i7 zubi na 11, tana aiki lafiya lau. Amma a ofishin makarantar kwamfuta ɗaya ce kawai ta karɓe ta. Sauran da ka danna ta sai ta ɗan leƙo ta ɓace, ko saƙo babu. Na duba Event Viewer na ga lamba 0xc000001d. Duk Windows 10 ne a kansu. Abin da ya ɗaure mini kai, har da wata sabuwar laftof da suka saya a kwali, ita ma ta ƙi. Shin dama abin da aka harhaɗa a sabon furosesa ba ya tashi a tsoho?

Khalid: Wa alaikumus salam. Tsufa ne kawai ya kama kwamfutocin, Malam. Ka ce musu su sauya.

Injiniya Fa'iza: Khalid, ka sake karanta abin da ya rubuta. Ya ce har da sabuwa ta ƙi. Malam Auwal, wannan lambar ma'anarta furosesa ya ci karo da umarnin da bai sani ba. A Linux shi ne saƙon nan na Illegal instruction. Ka turo mana abu biyu: layin da kake harhaɗawa da shi kamar yadda yake, da sunan furosesan kowace kwamfuta, wadda ta yi da waɗanda suka ƙi.

Auwal Zariya: Ga layin: g++ -O3 -march=native -static. Wadda ta yi aiki HP EliteBook 840 G1 ce. Waɗanda suka ƙi: Dell OptiPlex 780 masu Core 2 Duo E8400, da OptiPlex 7010 mai i5 zubi na 3, sai sabuwar mai Celeron N4020.

Injiniya Fa'iza: To ga shi nan a fili. -march=native yana gaya wa kwamfayila, wato manhajar da ke juya abin da ka rubuta zuwa umarnin furosesa, cewa ya duba furosesan da yake zaune a kai, ya yi amfani da duk umarnin da ya tarar. Naka zubi na 11 ne, yana da sababbin rukunonin umarni irin su AVX2, FMA, BMI2, har AVX-512 ma akwai a waɗannan na laftof. EliteBook 840 G1 Haswell ce ta 2013, wato zubi na 4, ta san AVX2 da BMI2, shi ya sa ta tsira. Kuma sa'a ce ta yi, don da kwamfayila ya zuba AVX-512 a hanyar da manhajar ke bi, ita ma da ta faɗi. Ita i5 zubi na 3 tana da AVX amma ba ta da AVX2. Core 2 Duo ba ta da ko ɗaya.

Amsar tambayarka kai tsaye: e, yana tashi. Ba kwamfutar da aka yi harhaɗawar a kanta ce ke yanke hukunci ba, wanda aka ce wa kwamfayila ya nufa shi ne. Idan ba ka sa masa komai ba, g++ na 64-bit yana tsayawa a kan umarnin asali na x86-64, wanda ya faro daga AMD Opteron a 2003. Abin da aka harhaɗa haka a kan sabuwar kwamfuta fil zai tashi a Core 2 Duo ba gardama.

Auwal Zariya: Na gode Injiniya. Amma manhajata ba ta wani lissafi mai nauyi. Tara maki ne da raba jimla. Ina ruwanta da AVX?

Malam Bashir: Tambaya mai kyau, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Suna ɗauka sai manhajar bidiyo ko ta ƙirƙirarriyar basira ce ke taɓa waɗannan umarnai. Ba haka ba ne. Da zarar ka buɗe wa kwamfayila ƙofar AVX, hatta rabon lamba ɗaya da ɗaya yana sauya yadda yake rubuta shi. Maimakon divsd sai ya rubuta vdivsd. Aikin ɗaya ne, amma rubutun na sabon salo ne, tsohon furosesa bai iya karanta shi ba. Haka BMI2 yake shiga har cikin gusar da bit na yau da kullum, da kwafar bayanai daga nan zuwa can. Shi ya sa manhajarka ke mutuwa tun kafin ta buɗe fuska. Kamar ka kai wa tela ɗinkin da sai da keken surfani ne, shi kuma keken ɗinki kawai gare shi. Ba ƙwarewa ya rasa ba, kayan aikin ne babu.

Alhaji Nura Beirut Road: Ni fa nan ne kaina ya kulle. Mu da muke sayar da kayan, abin da muka sani shi ne sabo ya fi tsoho. Yaya za a yi EliteBook ta hannu da ta haura shekara goma ta ɗauki abin da sabuwar Celeron ta kwali ta kasa?

Injiniya Fa'iza: Ranka ya daɗe, shekarar fitowa ba ita ce ma'auni ba. Intel na da layi biyu. Akwai na Core, akwai kuma na Atom mai arha da ƙarancin cin wuta. Celeron N4020 ta fito a ƙarshen 2019, amma jinin Atom ce, kuma ba a sa mata AVX ba sam. Haka N4000 da N3350, har da N4500 da N5100 da suka biyo baya. Ko a layin Core ɗin ma, shekaru da yawa Intel na rufe AVX a Pentium da Celeron, ta bar shi ga i3 zuwa sama. Sai a kan N100 da 'yan'uwanta ne na layin Atom ɗin suka samu AVX2. Don haka i5 ta 2013 ta fi Celeron ta 2019 sanin umarnai, ko da kuwa Celeron ɗin ba a ɓare ledarta ba.

Alhaji Nura Beirut Road: Ikon Allah. Kuma su ne iyaye suka fi saya wa yara masu shiga jami'a, saboda sabuwa ce ga batiri mai daɗewa.

Hajara: Alhaji, wallahi wannan maganar ta taɓa ni. Ɗaliban da nake koya wa shirye-shiryen kwamfuta da yawansu irin waɗannan ne a hannunsu. Muna zuwa darasin rumbun bayanai sai a tsaya, don MongoDB daga 5.0 sai da AVX. TensorFlow ma tun daga 1.6 kunshin da suke rabawa da AVX aka harhaɗa shi. Yarinya za ta rubuta import tensorflow, Python ya mutu nan take, ta ɗauka ita ce ba ta iya ba. Na ga wadda ta kusa barin karatun a kan wannan. Masu Polars dai sun kyauta, sun fitar da wani kunshi daban, polars-lts-cpu, don tsofaffin furosesa.

Khalid: To ai maganata ke nan tun farko. Duniya ta wuce wurin. Ba za a riƙe kowa a 2003 ba saboda wasu ba su sauya kwamfuta ba. AVX2 na ɗaukar bit 256 a tashi ɗaya, SSE kuwa 128. Lambobi takwas a maimakon huɗu. Wanda ya sayi furosesa mai wannan ƙarfin me zai sa a hana shi morar kuɗinsa? Red Hat ma ta gane haka. RHEL 9 sai x86-64-v2, RHEL 10 kuma sai v3.

Sadiq: Don Allah a yi mana bayanin v2 da v3 ɗin nan, wasunmu sabbin shiga ne.

Malam Bashir: A 2020 ne mutanen AMD da Intel da Red Hat da SUSE suka haɗu suka raba furosesoshin 64-bit zuwa matakai, don a daina kiran umarnai ɗaya bayan ɗaya. Matakin asali shi ne na 2003, mai SSE2. v2 ya ƙara SSE3 har zuwa SSE4.2 da POPCNT, wato daga Nehalem ta 2008, Core i na farko. v3 ya ƙara AVX, AVX2, FMA, BMI da wasu, daga Haswell ta 2013, a AMD kuma daga Excavator ta 2015 da duk Ryzen. v4 shi ne AVX-512. GCC daga 11 ya san waɗannan sunaye, kana iya rubuta -march=x86-64-v2 kai tsaye.

Ka lura da inda aka bar zubi na 2 da na 3, wato Sandy Bridge ta 2011 da Ivy Bridge ta 2012. Suna da AVX amma ba su kai v3 ba, don haka a lissafi 'yan v2 ne. ThinkPad T420 da T430, EliteBook 8460p da 8470p, duk nan suke. Kuma kowa a zauren nan ya san yawan waɗannan a hannun mutanenmu.

Injiniya Fa'iza: Khalid, ban musa maka cewa AVX2 na da amfani ba. Abin da na musa shi ne cewa sai an zaɓi ɗaya, ko sauri ko tsofaffin kwamfutoci. FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da sauti, na tashi a Core 2 Duo, kuma yana cin moriyar AVX2 da AVX-512 a inda ya same su. Dabarar ita ce yana tambayar furosesa ta CPUID lokacin da ya tashi, sannan ya zaɓi hanyar da ta dace. glibc, babban laburaren C na Linux, haka take yi da memcpy da strlen. OpenSSL haka. A GCC akwai target_clones, ka sa wa aikin da ke cin lokaci, kwamfayila ya fitar da kwafi biyu ko uku, a zaɓa lokacin aiki. Daga glibc 2.33 ma kana iya ajiye laburare iri biyu a manyan fayiloli daban, tsarin ya ɗauki wanda furosesa zai iya.

Sannan ka gaya mini tsakani da Allah, manhajar tara maki me za ta ƙaru da shi? Mafi yawan lokacinta jiran faifai take yi da jiran mai buga maki. Ko ka ba ta AVX-512 sakataren makarantar ba zai ga bambanci ba.

Khalid: A manhajar Auwal na yarda. Amma wannan zaɓen hanya da kike faɗa ba kyauta ba ne. Kowace hanya sai an gwada ta, sai an kula da ita. Masu FFmpeg da hannu suke rubuta assembly, mutum nawa ne za su iya haka? Ƙaramin aiki mai mutum biyu ba shi da wannan ƙarfin. Kuma kamfani kamar Red Hat da ke alkawarin tallafin shekara goma, dole ya dubi injinan da za su kasance a ɗakunan saba nan gaba, ba na baya ba.

Malam Bashir: A nan Khalid yana da gaskiya, kuma ya kamata a ba shi. Red Hat masu manyan saba take sayar wa, kuma su sun daɗe da barin Ivy Bridge. Matsalar tana zuwa ne idan mu da muke rubuta wa makarantu da shaguna da asibitocin unguwa muka kwaikwayi shawarar da aka yanke don wasu mutane daban. Mu kasuwarmu kayan hannu ne da ke shigowa ta Legas da Kwatano. Abin da ofisoshin Turai suka sallama shi ne sabon shiga a wurinmu. Ko a can ɗin ma ba baki ɗaya aka yi ba. AlmaLinux 10 ta fitar da nata na v2 a gefe don kada a zubar da injinan da ke aiki. Debian har yanzu a matakin asali take ga 64-bit.

Auwal Zariya: Na sake harhaɗawa da -O2 -march=x86-64 -mtune=generic. Yanzu ta tashi a Celeron da i5 da Core 2 Duo ɗaya, kuma ban ga ta rage sauri ba. Ɗaya Core 2 ɗin kuma wani saƙo take bayarwa daban, wai This app can't run on your PC.

Injiniya Fa'iza: Madalla. Wannan ta ƙarshen Windows mai 32-bit ce a kanta, ka duba za ka gani. Furosesan ya iya 64-bit, babbar manhajar ce ba ta iya ba. Ko ka fitar mata da kwafin 32-bit, ko a sake ɗora mata Windows. Kuma ka riƙe bambancin nan: -march shi ke cewa wane umarni aka halatta, -mtune kuwa jera su kawai yake yi yadda wani furosesa ya fi so, ba ya ƙara sabo. Kana iya sa -mtune=haswell ta tashi a Core 2 lafiya. Masu Visual Studio, naku shi ne /arch:AVX2. Masu Rust, target-cpu=native. Masu Go, GOAMD64, wanda idan ba ku taɓa shi ba yana kan v1.

Sadiq: To mu masu Java da Python ba ruwanmu ke nan?

Hajara: Java da C# sun fi samun sauƙi, don injinsu na fassara lambar ne a kan kwamfutar mai amfani, yana duba furosesan da ya tarar. Python kuwa kar ka saki jiki. Shi kansa lafiya, amma laburaren da ke ƙarƙashinsa da C ko C++ ko Rust aka rubuta, an riga an harhaɗa su kafin su iso gare ka. Guda ɗaya a ciki ya isa ya kayar da komai.

Malam Bashir: Bari in ƙara wani abu da ya fi faɗuwar ban tsoro, don faɗuwa aƙalla tana sanar da kai. Akwai umarnin LZCNT, mai ƙirga sifilin da ke gaban lamba. An tsara rubutunsa ne a kan wani tsohon umarni, BSR, da ɗan ƙari a gaba. Tsohon furosesa idan ya gan shi ba ya ƙin sa. Watsar da ƙarin yake yi, ya aiwatar da BSR, kuma amsar BSR daban take da ta LZCNT. Manhaja za ta ci gaba da tafiya da amsar da ba daidai ba, babu saƙo babu komai. TZCNT da BSF ma haka suke, sai dai su bambancinsu na fitowa ne idan lambar sifili ce. Ku yi tunanin wannan a cikin manhajar matse fayil ko ta lissafin kuɗi. Don haka "na gwada a tsohuwa ta buɗe" ba hujja ba ce. Ka san matakin da ka nufa tun daga farko, ka rubuta shi a fayil ɗin harhaɗawa.

Khalid: Wannan ban san shi ba, Malam. Allah ya ƙara ilimi.

Usman Maraɗi: Sannunku da ƙoƙari. Ni tawa ta fi ban mamaki. Saba ce sabuwa mai Xeon, na ɗora Proxmox, manhajar da ke raba saba ɗaya zuwa injina da yawa, na buɗe inji a ciki zan sa Rocky Linux 9, sai ta ce Fatal glibc error: CPU does not support x86-64-v2. Furosesan kuwa ya wuce v3.

Injiniya Fa'iza: Ɗan'uwa, duba nau'in furosesan da aka ba injin na ciki. A tsofaffin Proxmox zaɓin farko kvm64 ne, wanda ke ɓoye kusan duk sababbin umarnai don a iya ɗauke inji daga wannan saba zuwa waccan ba matsala. Ka mai da shi host, ko x86-64-v2-AES, wanda shi ne suka mayar zaɓin farko daga Proxmox 8. Docker kuma akasin haka ne, ba ya ɓoye komai kuma ba ya ƙara komai, furosesan gidan yake amfani da shi kai tsaye. Kwantenar da aka gina da AVX za ta faɗi a Celeron ko ta ina aka sauko da ita, za ka ga ta fita da lamba 132.

Sadiq: Idan ba ni da tsohuwar kwamfuta a kusa, ta yaya zan gwada?

Malam Bashir: A Linux, qemu-x86_64 -cpu Nehalem sannan sunan manhajarka. Ko Intel SDE, yana kwaikwayon zubi daban-daban kuma yana nuna maka ainihin umarnin da ya saɓa. Don sanin matakin kwamfutar da ke gabanka kuwa, lscpu zai jero maka, ko ka kira /lib64/ld-linux-x86-64.so.2 --help ka duba ƙasa inda aka rubuta supported. A Windows CPU-Z, mai nuna bayanan furosesa, ya wadatar. Kada kuma a haɗa wannan da saƙon GLIBC_2.34 not found, wancan tsufan laburare ne, ba ruwan furosesa.

Alhaji Nura Beirut Road: To ku ba ni shawara a matsayina na ɗan kasuwa. Windows 10 an daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025. Yarana a shago suna da dabarar ɗora Windows 11 a kan kusan komai. Ina da ragowar Core 2 Duo, ina da zubi na 2 da na 3 da yawa. Me zan gaya wa mai saye?

Injiniya Fa'iza: Alhaji, abu biyu ne a nan kuma kada yaran su haɗa su. Sharaɗin TPM 2.0 da na zubi na 8 bincike ne da ake yi a bakin ƙofa, shi ya sa dabara ke tsallake shi. Amma daga sigar 24H2, Windows 11 kanta an gina ta da POPCNT da SSE4.2. Wannan ba bincike ba ne, a jikin lambar yake. Core 2 Duo ba za ta ko kunna ba, duk dabarar da aka yi. Zubi na 2 da na 3 za su kunna, sai dai Microsoft ba ta ɗauki alhakinsu ba. Core 2 ɗin a sa musu Debian ko Linux Mint, za su yi buga takardu da shiga intanet. Wanda kuma ya ce maka karatun kwamfuta zai yi, kada ka ba shi ƙasa da i5 zubi na 4, kuma kada ka ba shi Celeron mai N ko da a kwali take.

Khalid: Ni zan ce zubi na 8. Bambancin kuɗin bai kai wahalar da zai sha nan da shekara biyu ba.

Hajara: Bambancin da kake rainawa, Khalid, kuɗin makarantar zango guda ne a gidajen da ɗalibaina suka fito. Zubi na 4 da RAM 8GB da SSD ya ishi yarinya ta gama digirinta a kan Linux.

Khalid: A kan Linux, e. Amma nawa ne cikinsu za su yarda su bar Windows, alhali malamansu da Word da Visual Studio suke ba da aiki?

Alhaji Nura Beirut Road: Wannan ku ƙarasa ta tsakaninku. Injiniya, a CPU-Z ɗin wane layi zan nuna wa yaran su riƙa dubawa kafin mu karɓi kaya?

Injiniya Fa'iza: Shafin farko, layin Instructions. Su nemi SSE4.2 da AVX2. Wadda ba ta da SSE4.2 a ware ta gefe, ba ta Windows 11 ba ce. Wadda ke da SSE4.2 babu AVX2, a gaya wa mai saye kafin ya biya.